Rijiya ta ƙafe, ciyawa ta ƙone: me za a shuka a tsakar gida a Zariya?

"Assalamu alaikum, Malam. Bara waccan muka tare a sabon gidanmu da ke Hanwa. Filin ƙafa 50 ne da 100, gini ya ci kusan rabi. Da damina muka kira mai fulawa ya shimfiɗa mana ciyawar kafet a gaba, ya jera furanni a jikin katanga, muka dasa ayaba da lemo biyu a baya, sauran wurin aka yi masa intalok. Har Nuwamba gidan gwanin sha'awa. Daga Fabrairu rijiyarmu ta fara ja baya, a Maris kuwa sai guga ya riƙa fitowa da laka. Muka koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa, maigida ya ce shi kam ba zai sayi ruwa a zuba wa ciyawa ba. Duk suka ƙone, lemo ɗaya ne ya rage, shi ma da ƙyar. Ni dai ina son kore a gidana. Me zan shuka wanda ba zai cinye mu da kuɗin ruwa ba, kuma yaya zan tsara wurin?"
Daga wata mai karatu a Hanwa, Zariya

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a sabon gida.

In na fahimce ki da kyau, abu biyu kike tambaya: irin tsiron da zai iya tsallake rani a Zariya da ɗan ruwan da gida zai iya rage masa, da kuma yadda za a fasalta filin. Mutane sun fi son amsar na farko, a karanto musu sunayen itatuwa su yi gaba. Amma na biyun ne ya kashe miki lambu, don haka a kansa zan fi zama.

Kafin nan bari in wanke maigida, domin da gaskiyarsa. A Maris da Afrilu rana da iska na iya ɗauke lita 6 zuwa 7 na ruwa daga kowane murabba'in mita na ciyawa a wuni guda. A ce ciyawar taki mita 5 ce a faɗi, 10 a tsawo. Lita 300 ke nan ko fiye kullum, jarka 12 mai cin lita 25, wato kusan kura guda cur, ban da na sha, ban da na wanki da girki. Ita wannan ciyawa ta kafet ta fi dacewa da kudu, inda damina ke da tsawo kuma iska ke ɗauke da danshi. Saiwarta sama-sama take, kwana biyu uku ba ruwa ta fara yaushi. Wanda ya shimfiɗa miki ita a Yuli bai yi ƙarya ba da ya ce za ta yi kyau. Bai dai gaya miki abin da za ta ci a Maris ba.

Zariya ba hamada ba ce

Da zarar lambu ya ƙone sai ka ji mutum ya ce to shi ke nan, bari in koma tsirran hamada. Nan ma wani kuskuren ne. Mu ba ruwan sama muka rasa ba. Ma'aunin da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta daɗe tana ajiyewa ya nuna muna samun wajen milimita 1,000 a shekara, wata shekarar ya haura, wata ya gaza. Damuwar ita ce kusan dukkansa tsakanin Mayu da farkon Oktoba yake zuba, mafi yawa a Agusta, daga nan sai a yi wata shida ko ɗigo babu. Ke nan tsiron da zai zauna a gidanki sai ya jure abu biyu masu karo da juna: markar Agusta, lokacin da ƙasa ke jiƙewa sharkaf kwana da kwanaki, da kuma ƙurar hunturu da zafin bazara.

Ni ma da hannuna na koyi wannan. Farkon shigata sana'ar na dasa furen kariya guda takwas a wani gida, mai gidan ya ce yana son abin da ba ya neman ruwa. Na saka su a wani gurbi mai kwari kusa da inda ruwan kwano ke zuba. Da rani suka yi fure jajir, har maƙwabta na leƙowa. Ƙarshen Agusta aka kira ni. Na taɓa gindin ta farko, wannan kumburarren gindin da take ajiye ruwa a ciki, sai yatsana ya shige kamar a ruɓaɓɓiyar kabewa. Biyu kawai suka tsira, su ma don suna ta gefen da ya ɗan yi tudu. Ba iri ne ya gaza ba, mazaunin da na ba shi ne bai dace ba.

Yanzu ga wani lissafin. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Filinki ya kai murabba'in mita 460 da 'yan kai. Abin da Allah ke sauke miki cikin katangarki kowace shekara ya kai lita 460,000, sama da jarka 18,000. Ina yake zuwa? Kwano ya tara nasa ya zubo wa intalok, intalok ya miƙa wa rariya, rariya ta kai kwata, kwata ta kai rafi, daga can sai Galma. Da damina muna korar ruwa daga gida kamar baƙon da ba a so, da rani kuma mu bi shi da kuɗi.

Rijiyarki ma tana cikin wannan lissafi. Ƙarƙashin Zariya dutse ne, irin wanda ya fito fili a Kufena. Ruwan rijiyoyinmu yana zaune ne cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa da kuma cikin tsagoginsa, ba wani kogi ba ne ke gudana a ƙasa. Shi ya sa za ki ga bohol ɗin wani yana ta ambaliya, na maƙwabcinsa kuma sai an kashe an jira ya taru. Abin da ya nitse da damina, shi rijiya ke bayarwa da rani. Unguwa ta cika da siminti da intalok da sababbin bohol, dole rijiyoyi su riƙa ƙafewa da wuri. Ba zan yi miki alkawarin cewa gyaran gida ɗaya zai dawo da rijiya ba, wannan aikin unguwa ne gaba ɗaya. Amma ƙasar da ke ƙarƙashin itatuwanki, wannan kam a hannunki take.

Wasu za su ce a sayi tanki a tara ruwan kwano. Yana da amfani, musamman a Mayu da Yuni da ruwa ke yi yana ɗaukewa, da kuma makonnin farko bayan ɗaukewar damina. Amma kada ki ɗora masa abin da ba zai iya ba. Tanki mai lita 2,000 jarka 80 ne. Raba shi kan kwana 180, lita 11 ke nan a rana. Ƙasa kuwa, in mai kyau ce da ta sha taki, kowane murabba'in mita zuwa zurfin mita ɗaya yana iya riƙe lita 100 zuwa 150 da saiwa za ta iya zuƙa. Babban tankin gidanki shi ne wanda kike takawa, kuma shi aka rufe da intalok.

Gyaran fili kafin sayen dashe

Abu na farko, a san irin ƙasar. Ki sa a haƙa rami zurfin gwiwa a wuri biyu ko uku, a cika da ruwa, in ya tsotse a sake cikawa. In na biyun ya shanye cikin 'yan sa'o'i, alhamdu lillahi. In an wayi gari yana nan tsaye, akwai laka mai tauri ko marmara a ƙasa, sai an sa diga. Kuma ki duba abin da shebur ke fitarwa. Sababbin gidaje da yawa a Zariya ba ƙasar noma ba ce a tsakar gidansu: jar ƙasar ciko ce da tifa ta kawo, haɗe da ɓaraguzan bulo, da busasshen kwaɓin siminti, da buhuna, da duk abin da magina suka binne ranar da za su tashi. Mai fulawa ya zo ya yayyafa baƙar ƙasa kamu ɗaya a sama ya dasa. Saiwa ta sauka ta tarar da ƙasa kamar daɓe, ta dawo sama, inda rana ke fara busarwa. Duk inda za a sa itace, a haƙa rami kamu uku a faɗi da zurfi, a fitar da tarkacen, a mayar da ƙasar sama haɗe da ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki. Kashin kaji ɗanye yana ƙona saiwa, sai an bar shi ya daɗe ya ruɓe ya huce.

Na biyu, in za ki iya shawo kan maigida, a ɗaga wani ɓangare na intalok ɗin. Ba duka ba. A bar hanyar mota da ta ƙafa da kewayen gini, a buɗe sauran. Sannan ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi ki ɗauki lema ki fita ki tsaya, ki ga inda indararo ke zuba da hanyar da ruwan ke bi har rariya. Minti goma na wannan kallo ya fi duk zanen da zan yi miki daga nan. Aikin shi ne a karkatar da wannan ruwa ya bi ta gindin itatuwa kafin ya fita. A yi masa 'yar hanya mai tsakuwa zuwa wani faffaɗan gurbi marar zurfi, kamar faranti, zurfin kamu ɗaya, nesa da harsashin gini da aƙalla mita 3, kuma nesa da sokawe. A bar masa mafita ta sama don in ya cika rarar ta wuce rariya. Sharaɗi shi ne ruwan ya nitse cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Sauro na buƙatar wajen mako guda kafin ƙwansa ya zama mai tashi, don haka gurbin da ke shanyewa da wuri ba ya haifar da shi. Duro da tanki marasa murfi ne matattararsa.

Magina suna son yi wa fulawa akwatin bulo mai tudu a jikin katanga. Yana da kyan gani, amma ruwan sama gudunsa yake yi, bulo kuma ya ɗau zafi ya gasa saiwa. Irin wannan tudu na su kariya ne da alobera. Itatuwa da duk mai son ruwa, gurbi ake yi musu ƙasa da daɓen gida, sai dai shi kansa gindin a ɗan ɗaga shi a tsakiya kamar tsibiri, kada wuyansa ya zauna cikin ruwa. Ba sabuwar dabara ba ce. Manoman Nijar na yin ramukan da suke kira tassa, a zuba taki a ciki, ruwan sama ya taru ya nitse a inda aka shuka. A Burkina Faso ana ce musu zai, kuma da su ne wani manomi, Yakuba Sawadogo, ya mayar da faƙo daji, har aka ba shi wata babbar lambar yabo ta duniya a 2018. Wuraren nan ba su samun ruwan da muke samu.

Na uku, kada a watsa masu ƙishi ko'ina cikin gida. A tara su wuri ɗaya, inda ruwa ke zuba dole ko an so ko ba a so. Ki lura da masallatan unguwa: itacen da ke kusa da wurin alwala ya fi kowanne sheƙi a tsakiyar bazara, ba kuma wanda ya taɓa ɗaukar bokiti don shi. Gida mai mutum takwas, kowa ya yi alwala sau biyar da lita ɗaya kacal, lita 40 ke nan kullum, ruwa mai tsabta. Ki ƙara da na wankin shinkafa da kayan miya da ɗaurayar ƙarshe. Wannan ya isa lemo biyu da 'yar ɗaɗɗoya da na'a-na'a da gindin shuwaka. Sai a gina wurin alwalar da gangara zuwa gurbinsu. Ayaba kuwa, in dole ne, gindi ɗaya a inda ruwan wanka ke fita, a rami mai cike da busasshen ganye. Ban da ruwan bilic, da mai omo da yawa, da mai gishiri, da na wankin kashin yara. Kada a ajiye irin wannan ruwa ya kwana ya yi wari, kada a zuba shi kan ganyen da za a ci ɗanye, kuma a nisanta shi da bakin rijiya.

Abin da zan shuka da gidana ne

Fili irin naki babban itace ɗaya yake ɗauka, iyaka biyu. Wurinsa yamma, domin rana daga azahar zuwa la'asar ita ke gasa bango har dare ɗaki bai huce ba. Da ni ne, mangwaro mai aure zan sa. Rani uku za ki yi masa hidima, bayan nan ba ya neman komai a wurinki, hasali ma bushewar hunturu ce ke sa shi huda. Kashu ma haka, ya ma fi shi haƙuri da ƙasa marar ƙarfi. Dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya ne, ba a fin shi juriya, sai dai a ba shi mita 5 ko 6 daga gini. Tsamiya ta fi su duka kyan inuwa a wurina, amma shukar jikoki ce. Rimi kuwa, duk da shi ne itacen Zazzau, har unguwanni suka ci sunansa irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko, ba na fili hamsin da ɗari ba ne. Haka ceɗiya da durumi da gamji: saiwarsu ruwa take bi, za ta samu sokawe ko da a ina yake. Itacen turare kada ya kusanci rijiya. Shi kuma itacen nan mai rassa hawa-hawa kamar lema da ake yayi yanzu, saiwarsa tana ɗaga intalok, na sha zuwa cirewa.

Ƙananan su ne za su cika miki ido. Zogale uku ko huɗu a jere, a riƙa sare kansu daidai ƙirji don su yi rassa, hannu ya kai. In ba a ba shi ruwa ba zai kaɗe ganye da hunturu amma ba ya mutuwa, in kuma yana samun ɗan na wanke-wanke sai ki yi ta kwaɗo har bazara. Rumman na son rana da bushewa. Gwaiba ma tana jurewa in ta kafu. Kuka, kada girmanta ya ba ki tsoro: ana shuka ta kusa-kusa a riƙa yankewa daidai ƙugu, don ganyen miya kawai. A jikin katanga kuwa, maimakon dogayen nan masu ganye a sunkuye waɗanda ba inuwa ba 'ya'ya sai shan ruwa, ki sa lalle. Yana yin shinge mai kauri in ana aske shi, furensa na da ƙamshin da ke cika gida da yamma, ganyen kuma kin fi ni sanin amfaninsa. Gefen arewa maso gabas ya fi buƙatar wannan shinge, ta nan iskar hunturu ke shigowa tana busar da komai.

Kin ce kina son kore, na kuma san da launi a ciki. Bogenbiliya, mai furen nan kamar takarda da ke hawa katanga, ita ce sarauniyar rani a garin nan. Abin da mutane ba su gane ba, yawan ruwa ne ke hana ta fure, sai ta yi ta ganye da ƙaya. In ta shekara biyu, ki manta da ita kawai. Kariya a tudu ko a tukunya mai huji, cikin ƙasa mai yashi. Alobera da moda a ƙarƙashin inuwa marar duhu. Minjirya, wadda ake kafa reshenta a shinge a ƙauye, tana fitar da jan fure da rani lokacin da ba ganye a jikinta, mun raina ta ne kawai don ba a leda ake sayar da ita ba. Ciyawar shayi mai ƙamshin lemo tana yin tushe mai kyau a gefen hanya. Inda ƙasa ke zaizaya a jera jema, saiwarta tana nitsawa ƙasa sosai tana riƙe wurin.

Sai gargaɗi, tunda gida ne mai yara. Ruwan jikin kariya dafi ne. 'Ya'yan bini-da-zugu suna kama da gyaɗa, yara na ci su kwana a asibiti. Aguwa da tinya, farin ruwansu in ya shiga ido bala'i ne. Duk suna jure fari, amma ko dai a sa su inda hannu ba ya kai, ko a haƙura sai yara sun yi wayo.

Ciyawa fa? In ranki ya kafe a kanta, ki yi ɗan wuri kamar shimfiɗar tabarma uku inda ake zama da yamma, ki sa kirikiri, wadda manoma ke yaƙi da ita a gona. Za ta yi ja da rani kamar ta mutu, ruwan farko ya sauka ta farfaɗo. A yi mata iyaka da bulo, in ba haka ba za ta mamaye gidan. Sauran filin da ke ƙarƙashin inuwa a zuba yashi ko tsakuwa. Amma ban da tsakuwa a fili mai rana kusa da taga, zafi take tarawa ta mayar cikin ɗaki. Su kuɓewa da yakuwa da alayyafo kuma a bar su a matsayinsu na 'yan damina, a ci moriyarsu, in kaka ta yi a tuge a rufe ƙasa da karansu.

Lokacin dashe da yadda ake ban ruwa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ramuka a Afrilu da Mayu, dashe daga tsakiyar Yuni zuwa Yuli in damina ta zauna, don itace ya samu wata uku cur yana kafa saiwa a kyauta. Wanda ya dasa a Oktoba ya ɗaukar wa kansa reno na wata bakwai. Wurin saye, ki ɗaga ledar ki duba ƙasanta. In saiwa ta huda ta kama ƙasa har sai an fizge, ko ta nannaɗe kamar gammo, ki ajiye ki ɗauki ƙarami. Ƙaramin dashe mai lafiya yana wuce babban da ya tsufa a leda. A kafa masa sanda a ɗaure sako-sako, don hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska.

Yayyafi kullum da tiyo shi ne ɓarnar da ta fi yawa. Yana jiƙa saman ƙasa ne kawai, saiwa ta biyo shi sama, ranar da aka fasa ta ƙone. Sabon itace a raninsa na farko, jarka ɗaya sau biyu a mako, a zuba a hankali cikin gurbi da sassafe ko bayan la'asar. Rani na biyu, sau ɗaya a mako. Na uku, sai Maris da Afrilu kawai, in ya nuna alama. Ki samu guntun rodi ki riƙa soka shi a gefen gurbi: iya inda ya shige ba gardama, nan danshi ya kai.

Dabarar da na fi so ita ce ta tulu. Ki sayi tulu ko 'yar randa ta ƙasa wadda ba a shafa mata komai ba, ki ƙwanƙwasa ki ji tana ƙara garau, alamar ba tsaga. A binne ta har wuya, kamu biyu daga gindin dashe, a cika da ruwa a rufe da fasasshen kasko. Yadda randa ke tsatsafa tana sanyaya ruwan sha, haka za ta riƙa tsatsafa wa ƙasa, kuma in ƙasar na da danshi sai tsatsafar ta ragu da kanta. Rana ba ta ganin ruwan balle ta sha rabonta. Nakan ƙara duk bayan kwana uku zuwa biyar. Na taɓa tono wani tulu bayan rani biyu a gindin rumman, na tarar da ƙananan saiwoyi sun lulluɓe shi kamar an saƙa masa raga. Akwai tiyo mai ɗigo da ake haɗawa da bokiti a rataye, yana aiki, sai dai ramukansa na toshewa in ruwan na da laka, ga ɓera da rana.

Sannan a rufe ƙasa. Mu Hausawa muna son a share tsakar gida ta yi fes, a tara ganye a cinna wuta. Wannan ganyen shi ne bargon da ƙasa ke nema. A tura shi gindin itatuwa, kaurin yatsu huɗu, ko a nemo ɓawon gyaɗa, ko ƙaiƙayi, ko buntun shinkafa daga masu inji. Ki ɗaga shi da tsakar rana a Maris ki sa tafin hannu, sannan ki taɓa ƙasar da ke fili, za ki ji bambancin da kanki. A bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da gindi. Gara za ta zo ta ci, kuma ramukan da take yi suna taimaka wa ruwa ya nitse, amma a riƙa duba jikin ƙananan dashe ana kankare ginin da take yi, kuma kada tarin ya jingina da ƙofa ko katako. Saboda kunama, a rage shi a inda yara ke wasa.

Ban ga gidanki ba, Hajiya. In marmara na kusa da sama, wasu itatuwan za su tsaya ba girma sai an fasa ta. Kuma ba lambun da ba ya shan ruwa sam, musamman shekara biyun farko. Daga Fabrairu zuwa Afrilu gidan ba zai yi koren Agusta ba, za ki ga ganye na zuba, ciyawa ta yi ja, sai bogenbiliya da mangwaro da lalle ke riƙe da shi.

Shi kuma lemon da ya rage, ki kankare ɓawon reshe da farce. In cikin kore ne, da sauran rai. A yanke busassun rassa har inda koren ya fara, a buɗe masa gurbi daidai faɗin inuwarsa, a binne tulu a gefe, a rufe da ganye. Kada a ba shi takin zamani yanzu da yake a galabaice, sai ruwa ya sauka ya fara toho. In ya yi huda bana, a cire 'ya'yan tun suna ƙanana ya samu ya murmure. Duk tohon da ya fito daga ƙasan wurin auren a fige shi da wuri, domin na uwar gindin ne, in aka bar shi zai rinjayi na sama, ki wayi gari da wani lemon daban ba wanda kika saya ba.